Hawan Tsaunukan Mambilla da Abokai Cikin Ruwa da Hazo: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin matasan da ke shirin zuwa hawan dutse a Mambilla da gandun dajin Gashaka-Gumti, musamman waɗanda suka tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai zafi irin Kano, Sakkwato ko Maiduguri. Na amsa su gwargwadon inda ƙafata ta taka da abin da mutanen wurin suka koya mini. Yawancin masu tambaya maciji da namun daji suke tsoro. Ni kuwa abin da ya fi tayar mini da hankali a can shi ne jiƙaƙƙiyar riga a jikin mutum, da ayarin da ya watse cikin hazo, shi ya sa za ku ga na fi daɗewa a kansu.

Ina ne wurin, kuma me ya bambanta shi da duwatsun da muka saba hawa?

Mambilla tudu ne mai faɗi a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, wadda hedikwatarta ke Gembu, a kan iyakar Najeriya da Kamaru. Akasarinsa yana kusan mita 1,600 sama da teku. Daga Jalingo ana bi ta Bali zuwa Serti, inda ofishin gandun Gashaka-Gumti yake, sai Mayo Selbe. Daga nan mota ke fara nannaɗe dutse tana hawa har Maisamari da Nguroje, kafin a kai Gembu. Cikin gandun ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419. Duk Najeriya babu inda ya kai shi tsayi. Gandun kansa an kafa shi a 1991, ya ratsa Taraba da Adamawa, kuma shi ne mafi girma a ƙasar.

Wanda ya hau Dala ko Kufena ya san dutse ne guda, gari na ƙasa kana kallonsa, ko ta ina ka gangaro gida ka nufa. A Mambilla tuddai ne na ciyawa, wannan bayan wancan, duk kamarsu ɗaya, da kurmi a cikin kwaruruka, da hanyoyin shanu birjik suna saɓa wa juna. Idan gari ya yi haske, babu wurin da ya fi shi daɗin tafiya. Idan hazo ya sauko, kowane tudu sai ya zama ɗan'uwansa.

Hazon can irin wanda muka sani ne na hunturu?

Sunan ne kawai ɗaya. Hazon hunturu ƙura ce da iska ke kwasowa daga hamada, busasshe ne, yana fasa leɓe da diddige. Na Mambilla gajimare ne ka shiga cikinsa da ƙafarka. Iskar damina tana tasowa daga tekun Atlantika ɗauke da laima, ta ci karo da tsauni, dole ta hau. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6, sai laimar ta dunƙule ta zama ƙananan ɗigon ruwa masu yawo a iska.

Ba za ka ji ana ruwa ba, amma ka dubi fuskar abokinka, za ka ga ɗigo-ɗigo a girarsa da gashin bakinsa, rigar sanyinsa ta yi fari kamar an barbaɗa mata gari. Bayan awa ɗaya ya jiƙe sharkaf ba tare da an yi ko yayyafi ba. Kuma yana da sauri. Na taɓa tsayawa ina kallonsa yana tasowa daga kwari kamar hayaƙin murhu, kafin in ɗaure igiyar takalmina garken shanun da ke gabanmu ya ɓace, sai kukansu kawai muke ji.

Wane lokaci ya fi dacewa? Ana iya zuwa da damina?

Daminar can ta fi ta Arewa tsawo nesa ba kusa ba. Takan fara tun wajen Maris ko Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba. Mai son ya kai ƙololuwar Chappal Waddi ya bari sai tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da rafuka suka janye, hanyar jar ƙasa ta bushe. Ko a lokacin dare na da sanyi ƙwarai, kuma hazo kan kwana a kwari har hantsi.

Da damina ne ƙasar ta fi kyau, wannan ba na musu. Amma shawarata ita ce a taƙaita ga tafiyar yini ɗaya, kusa da gari: tuddan da ke kewaye da Nguroje, gonakin shayi na Kakara, ko kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa. A Agusta da Satumba, lokacin marka, ba zan kai abokaina doguwar tafiya mai kwana a daji ba, ko sun roƙe ni.

Dole ne mu nemi izini, mu ɗauki ɗan jagora?

Dole ne. Cikin gandun daji ba a shiga sai da izinin hukumarsa, kuma jami'ansa ne ke raka baƙi. A wajen gandun ma, ku fara zuwa gaida jauro ko mai unguwar ƙauyen da za ku tashi daga cikinsa, ku faɗi ko ku su wane ne da inda kuka nufa, ku tambayi halin da hanya ke ciki ta fuskar tsaro. Ku riƙe katin shaida, domin yankin iyaka ne, kuma babu katanga tsakanin ciyawar Najeriya da ta Kamaru. Cikin hazo mutum na iya tsallakawa bai sani ba.

Jagoran da aka haifa a wurin yana gane hanya da abin da idon baƙo ba ya kamawa: karkatar wata bishiya, ƙarar wata ƙorama, shingen wani makiyayi. Yana kuma jin Fulatanci, wanda shi ne harshen da ya haɗa mutanen tudun. Ku daidaita ladansa tun kafin a tashi, ku ci abinci tare da shi, in ba shi da rigar ruwa ku ba shi. Idan ya dubi sama ya ce, “Yara, mu koma,” kada wanda ya tsaya yi masa gardama.

Mu nawa ya kamata mu zama, kuma yaya za mu jeru?

Kada ku gaza huɗu, ban da jagora. Idan ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako, babu wanda ya rage shi kaɗai. Idan kuka haura takwas kuwa, ayari yakan yi tsawon da na gaba bai san halin da na baya ke ciki ba.

Wanda ya fi kowa nauyin ƙafa shi ke bin bayan jagora kai tsaye, domin tafiyar kowa ta daidaita da tasa. Mai ƙarfi da natsuwa ya tsaya a ƙarshe, kada ya bari kowa ya koma bayansa, ko da fitsari mutum zai yi sai a tsaya a jira shi. Kowa ya riƙa ganin bayan wanda ke gabansa. Da zarar ka daina gani, ka yi kira nan take, kada ka ce bari in ƙara sauri in cim masa. Duk inda aka huta a ƙirga kawuna kafin a tashi. Akwai lokaci ɗaya tak da ake karya wannan ƙa'ida a warwatsu, yana cikin amsar da ta shafi tsawa.

Wane irin kaya zan sa?

Ka bar auduga a gida. Shadda, wandon jins da farar singileti suna shan ruwa su riƙe shi, su manne a fata suna zuƙe ɗumin jiki. Rigar 'yan ƙwallo ta fi su sau goma, saboda zarenta na roba ne, ba ya riƙe ruwa. Ita za ka sa a ciki, ka ɗora rigar sanyi ta ulu, sannan rigar ruwa mai hula a sama. Duk ana samunsu a gwanjo da araha. Ka haɗa da hular sanyi da safar hannu. Laima ba ta da amfani a kan tudu, iska za ta juye ta, ga shi ta cinye maka hannun da ya kamata ya riƙe sanda.

Kada ka fara hawa a duƙunƙune. Gumi ma jiƙa yake yi, daga ciki. Ka tashi kana ɗan jin sanyi, in an tsaya hutu ka ƙara riga tun jiki bai huce ba. 'Yan'uwa mata su zaɓi hijabi madaidaici wanda ba na auduga ba, da wando a ƙarƙashin siket, domin dogon hijabi yana kama iska da ƙaya, in ya jiƙe kuma nauyi gare shi.

Abu mafi muhimmanci a jakarka shi ne busassun kaya cikakku, riga da wando da safa da hula, a ƙulle cikin leda biyu. Ba a taɓa su a hanya komai jiƙewa, sai an isa masauki ko kuma wani ya shiga halin da na bayyana a amsar sanyi.

Takalmi fa?

Ku dubi ƙafar mutanen wurin, za ku ga da damina takalmin danko mai tsawo suke sawa, irin na masu aikin fadama. Yana da arha, yana tare laka, in aka sa safa mai kauri ana yini da shi. Takalmin hawan dutse mai zurfin zane a ƙasa ya fi shi riƙe idon sawu, ga mai hali. Silifas da kambas mai sulɓin ƙasa kuwa ba na wurin ba ne, domin jar ƙasar can in ta sha ruwa sabulu ce. Kowanne ka zaɓa, kada ranar hawa ta zama ranar da ka fara sa shi, zai yi maka bororo tun kafin azahar. Ka yanke farce, ka nemi sanda irin ta makiyaya wadda ta kai maka ƙirji.

Me za mu ɗauka na ci da sha?

Abin da ake ci a tsaye da jiƙaƙƙen hannu: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, biskit, zuma. Ku riƙa ci kaɗan-kaɗan duk awa, domin jiki da abinci yake hura wutar ɗuminsa. Fulas ɗin shayi mai sukari ya cancanci nauyinsa. Cikin sanyi ba a jin ƙishirwa, amma kowa ya riƙe kamar lita 2 ya kuma sha. Ruwan ƙorama yana da kyan gani, sai dai shanu na sha suna kashi a samansa, don haka a tafasa shi tukuna. A cikin jaka kowa ya samu tocila, usur, ashana ko laita a leda, da babbar leda mai kauri wadda mutum zai iya shiga cikinta.

Da gaske sanyi na iya kashe mutum a Najeriya?

Ƙwarai kuwa, kuma ba sai ruwa ya daskare ba. Zafin jikin ɗan Adam yana kusan digiri 37. Idan ya sauka ƙasa da 35, an shiga hatsari. Ruwa yana janye ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da yadda busasshiyar iska ke yi, saboda haka yanayin digiri 10 ya isa, muddin riga ta jiƙe, iska na kaɗawa, ciki babu abinci, ga gajiya. Duk huɗun suna haɗuwa a kan tudu da yammacin damina.

Na gani da idona. Muna dawowa daga wani tudu a bayan Nguroje, ruwa ya kama mu, ɗaya daga cikinmu yana sanye da jins da rigar auduga. Mutum ne mai surutu, tun safe shi ke ba mu dariya, sai muka ji shiru. Na miƙa masa biskit, ya yi ta fama da ledar, yatsunsa sun ƙi kama ta, har ta faɗi cikin laka ya tsaya yana kallonta. Na ce, “Aboki, lafiya?” Ya ce lafiya lau, amma maganar a jaye take kamar ta mai barci. Jagoranmu bai ce komai ba, ya karɓi jakarsa ya ratsa da mu zuwa wata ruga. Muka tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, muka sa masa busassun wani, wata dattijuwa ta ɗumama madara ta kawo a ƙwarya. Sai da ya kusa awa ɗaya kafin ya dawo hayyacinsa. Daga baya ya ce tun da daɗewa yake jin sanyin, kunya ce ta hana shi faɗa, kada a ce ya cika raki.

Wannan kunyar ita ce matsalarmu, don haka kada ku jira mutum ya yi ƙorafi. Ku lura da alamu: karkarwa, yawan tuntuɓe, kasa jan zif, maganar da ba ta fita sosai, shiru ko fushi ba dalili. Idan karkarwar ta tsaya alhali mutum yana nan a sanyaye kuma a ruɗe, abin ya yi tsanani. A kai shi inda iska ba ta bugu, a canza masa kaya, a shimfiɗa jakunkuna kada ya zauna a ƙasa, a rufe masa kai da ƙirji, wani ya rungume shi. In yana iya haɗiya da kansa a ba shi shayi mai sukari. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a manna shi da wuta, a ɗauke shi a hankali, a kuma nemi asibiti in bai farfaɗo ba.

Hazo ya rufe mu, ba ma ganin hanya. Me za mu yi?

Ku tsaya cak. Ku taru, ku ƙirga kanku, kowa ya ƙara riga ya ci wani abu, sannan a yi shawara. Tambayar farko ita ce, ina ne wuri na ƙarshe da muka tabbata mun gane? In yana kusa kuma sawunku na nan a laka, a koma can. In babu tabbas, zama ya fi. Sau da yawa hazon yakan yaye na ɗan lokaci, tudu ya bayyana, jagora ya gane inda ake.

Zuciya za ta ce maka ka san hanya, ka miƙe kawai. A 2009 wasu masu bincike a Jamus sun sa mutane tafiya cikin daji suna bin sawunsu da na'ura, suka tarar idan rana ta ɓuya mutane kan yi ta zagaye suna komawa inda suka baro, alhali suna jin miƙewa suke yi. Hanyar shanu ma ba abin dogaro ba ce, ta kan kai ka mashaya ko ta narke cikin ciyawa. Haka bin rafi zuwa ƙasa, wanda ake cewa yana kai mutum gari: a ƙasa mai tsauni yakan kai ka bakin kwazazzabo inda ruwa ke zubowa daga sama. Idan dole ne a motsa, a tafi a hankali, sanda na gaba tana taɓa ƙasa, a nisanci duk inda ake jin iska na busowa daga ƙasa, domin alamar gefen rami ce.

Idan ɗaya daga cikinmu ya ɓace fa?

Wanda ya ɓata ya zauna inda yake, ya shiga babbar ledarsa, ya busa usur sau uku, ya saurara, ya sake. Murya takan dushe da wuri, kuma cikin hazo da iska ba a gane ta inda take fitowa. Usur ya fi kai wa nesa. Mai yawo yana neman mutane shi ne ya fi wahalar samu.

Sauran kada su bazu kowa ya kama gabansa, nan da nan ɓataccen ɗaya zai zama uku. Jagora da mutum ɗaya su koma ta inda aka biyo, zuwa wurin da aka yi ƙirga ta ƙarshe, sauran su tsaya wuri guda suna amsa usur, suna haska tocila. In an kusa magariba ba a gan shi ba, a aika ƙauye ko ruga mafi kusa. Makiyayan wurin sun saba neman dabba cikin hazo, sun san inda ƙafa ke karkata.

Yaya za mu yi da tsawa da walƙiya?

Ka ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da ƙararta. Duk daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10, kuma aradu na iya kai wa inda kuke. Ku sauka daga ƙololuwa da doron tudu, ku nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, da shingen waya, da garken shanu. A nan ne kaɗai ake warwatsuwa, a bar kamar taku 20 tsakanin mutum da mutum, don kada faɗuwa ɗaya ta haɗa da kowa. Ku tsuguna ƙafa a haɗe, ban da kwanciya, kuna kiran juna. Sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba a ci gaba. Wanda aradu ta taɓa ba ya riƙe wuta a jikinsa, a taimake shi nan take. Hadari ya fi haɗuwa da rana zuwa yamma, wannan na cikin dalilan sammako da na kawo a amsar lokacin juyawa.

Ƙoramar da muka tsallaka da safe ta cika. Mu shiga?

Daga waɗannan tsaunuka kogin Donga da kogin Taraba suke tasowa kafin su zuba a Binuwai, kuma ƙananan rafukan da ke ciyar da su saurin fushi gare su. Ruwan da aka yi a wani tudu da ba ku gani ba zai iya cika ƙorama cikin 'yan mintuna. Idan ruwan ya yi ja, yana tafe da rassa, ko kana jin duwatsu na gungurawa a ƙarƙashinsa, ko ya wuce gwiwa yana gudu, kada a shiga. Yadda ya cika da sauri haka yakan janye, awa ɗaya ko biyu na haƙuri kan wadatar.

In ya yi sauƙi, a nemi wuri mai faɗi, a bar takalmi a ƙafa, a kwance maɗaurin jaka na ƙugu, a fuskanci inda ruwa ke fitowa, a dogara da sanda ana jan ƙafa gefe-gefe, mutum ɗaya bayan ɗaya. Kada a ɗaura wa kowa igiya a ƙugu, in ya faɗi ita za ta danne shi cikin ruwa.

Yaushe ya kamata mu haƙura mu juya?

Wannan a gida ake yanke shi, ba a kan dutse ba. Akwai lissafin da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Na mutum mai ƙarfi ne a busasshiyar hanya. Da laka da hazo da abokai, ku ƙara rabin abin da ya fito. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 da 'yan mintuna, cikin hazo kuwa duhu ya riga haka. Ku tashi da an sallame asuba, ku sa lokacin juyawa, misali ƙarfe 12 na rana, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba.

Na san abin da ke hana juyawa. An tara kuɗin mota wata da watanni, an kwana a hanya, an gaya wa mutanen gida za a turo hoto, ga ƙololuwar ana cewa saura kaɗan. Kowa na jin tsoro a ransa, kowa na jiran wani ya fara faɗa. Shi ya sa nake son a bi sunnar nan ta naɗa shugaba idan mutum uku suka fita tafiya. A zaɓi mai natsuwa, ba lallai mai ƙarfi ba, a yi alkawari tun a masauki cewa maganarsa da ta jagora ita ce ta ƙarshe. A kuma yarda cewa in mutum ɗaya ya ce ba zai iya ba, an juya gaba ɗaya, babu gori a hanya, babu tsokana bayan an dawo. Raba ayari biyu, masu ƙarfi su wuce raunana su koma su kaɗai ba jagora, shi ne mafi munin zaɓi.

Salla fa, cikin wannan ruwa da sanyi?

Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru da haɗa azahar da la'asar, ku tambayi malaminku sharuɗɗan tun kafin tafiya. Ku yi alwala a masauki ku yi ƙoƙarin riƙe ta, ku tsara tafiya yadda lokacin salla zai same ku a wuri mai kariya daga iska. Babbar leda tana zama darduma. Rana ba za ta nuna muku gabas ba, don haka ku sani daga Mambilla alƙibla tana wajen digiri 60 daga arewa, wato tsakanin gabas da arewa maso gabas. Kamfas na waya zai nuna.

Waya za ta yi amfani a can?

Sabis yana zuwa yana ɗaukewa, a kwari babu shi sam, kusa da iyaka kuma waya kan kama layin Kamaru. Amma na'urar nuna wuri da ke cikinta da tauraron ɗan Adam take aiki, ba ta buƙatar sabis, in dai ka sauke taswirar yankin tun kana gari. Ka kunna manhajar da ke zana sawunka daga inda aka tashi, ita za ta mayar da ku in hazo ya rufe. Sanyi na cinye batir, jiƙaƙƙen gilashi kuma ba ya jin yatsa, saboda haka waya ta zauna a leda cikin aljihun ƙirji, ɗaya a kashe ta a ajiye don larura. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. Abin da ya fi ta tabbas shi ne ku bar wa mai masaukinku sunayenku, hanyar da za ku bi, da lokacin da in ba ku dawo ba zai tayar da mutane.

Macizai, sauro da ciwon tsayi fa?

Macizai sun fi yawa a ƙasa mai ɗumi ta wajen Serti da Gashaka fiye da kan tudu. Dogon takalmi da sanda suna rage hatsarin. In an yi sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Sauro ma a ƙasan ya fi, ku kwana cikin gidan sauro. Ciwon da ƙarancin iska ke jawowa ba kasafai yake kama mutum ƙasa da mita 2,500 ba, don haka a Chappal Waddi haki kawai za ka yi. Mai shirin dutsen Kamaru da ke Buea, wanda ya haura mita 4,000, shi ne zai yi wannan lissafi. Mai asma, ciwon zuciya ko sikila ya ga likita kafin ya sa ranar tafiya, domin sanyi da gajiya suna tayar da su.

Saukowa ai ta fi sauƙi, ko?

Numfashi ne kawai ke samun sauƙi. A gangare aka fi faɗuwa, lokacin da gwiwa ta gaji, hankali ya riga ya tafi gida, ruwan yamma kuma ya jiƙa hanyar da kuka hau a bushe. Ku ƙara ɗaure takalmi kada yatsu su riƙa dukan gaba. A yi gajerun taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanda ta riga ƙafa sauka. Inda ya yi tsaye sosai a juya gefe. Ka taka tushen ciyawa, ka guji jar laka mai sheƙi, da saiwar bishiya, da dutsen da gansakuka ta rufe. A bar tazara, don wanda ya zame kada ya kwashe na gabansa, kuma hannu kada ya kasance cikin aljihu.

Jerin da aka hau da shi da shi ake sauka, mai ƙarfi yana baya har ƙofar masauki. Da an isa a sake ƙirga kawuna, a cire jiƙaƙƙun kaya kafin a zauna cin abinci, a duba ƙafar kowa. Sannan a aika wa jauro cewa baƙinsa sun dawo lafiya, don kada ya tayar da mutane cikin dare.